Layi Ɗaya Da Na Ƙi Gyarawa

Yau ba zan yi wa kaina kwalliya ba, 'yan uwa. Da yawanku kun sha rubuto min cewa ni yarinya ce mai haƙuri, wata ma ta ce da tana da ƙane da ta haɗa mu. To baiwar Allah, riƙe ƙanenki tukuna, ki karanta wannan.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: ni ce autar gidanmu, shekarata ashirin da shida, ina rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani mai ɗora darussan makaranta a intanet. Ofishinmu dogon ɗaki ne a hawa na biyu, saman shagon masu sayar da taya. Tebur takwas, fanka uku, ɗaya ba ta tashi sai an zungure ta da sandar goge ƙasa. A gida Auta ake ce min, a ofis Injiniya. Shi kuma wanda ya hana ni sukuni shugaban ɓangarenmu ne. Ciwon Kai na rubuta a kan lambarsa tun kafin in san zan so shi, kuma har yau ban canza ba, don sunan bai yi ƙarya ba.

Ciwon Kai bai iya zance ba. In a kan aiki ne, zai yi awa guda yana bayani bai haɗiye yawu ba. Amma a ce ya dubi idona ya faɗi abin da ke ransa, sai ya hau gyara gilashi yana kallon takalminsa. Saboda haka wasiƙa yake rubuto min, a wani ɓoyayyen shafi da daga ni sai shi muka san hanyarsa. Wata takwas, wasiƙa goma sha tara. Abin da ya fi min daɗi, duk ta cikin Rariya suke biyowa kafin su iso ni.

Rariya 'yata ce, manhaja ce da ni na rubuta ta. Malamanmu suna buga darasi a rubutu zalla, su sa 'yan alamomi: wannan kan magana ne, wannan kalmar a kaurara ta. Amsoshin tambayoyi kuma ana killace su tsakanin layi biyu, kowane layi babu komai a kansa sai alamar tarawa guda uku. Rariya ce ke karanta alamomin ta mayar da rubutun shafi mai kyau. Ta tankaɗe amsoshi gefe, ɗalibi ya ga tambaya kawai, malami ya ga duka. Shekara biyu tana aiki ba ta taɓa kunyata ni ba.

Wata uku da suka wuce aka kawo mana wata malamar lissafi, an ɗauke ta gwajin wata uku ta riƙa rubuta darussa. Ni a raina 'Yar Gwaji nake kiranta. Ranar farko ta shigo cikin doguwar riga ruwan toka, mayafi ruwan hoda, jaka ruwan hoda, takalmi ruwan hoda, hatta kwamfutar da ta zo da ita ruwan hoda ce, da hoton kyanwa manne a murfi. Ta ɗan rusuna ta ce, "Ina kwana, Anti."

Anti! Na bi na duba takardunta daga baya, wata goma sha huɗu kacal na ba ta.

Ba mu da injin da ya rage, sai aka ce ta ci gaba da aiki da nata. Teburin da aka ba ta taku huɗu ne daga na Ciwon Kai. Nawa taku goma sha ɗaya. E, na ƙirga, har sau biyu. Wata biyun farko shi take tura wa darussan, ya duba, ya kwafe, ya ɗora daga injinsa. Kullum "Oga, duba min nan," "Oga, na yi daidai?" A wata na uku ya ce ta ƙware, ya ba ta izinin ɗorawa da kanta.

Ranar wata Litinin, sati uku ke nan, wani shugaban makaranta ya kira Manaja yana faɗa har muna jiyowa daga kujerunmu. An ba yara arba'in gwajin lissafi a shafinmu, arba'in ɗin nan duk sun cinye, har da wanda bai gama haddace sau uku ba. Amsoshin ne suka fito ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin kowace tambaya. Darasin kuwa 'Yar Gwaji ce ta ɗora shi.

Bari in yi muku bayani a gurguje, kar ku gudu. Duk sanda kika danna maɓallin sauka layi, kwamfuta tana ajiye wata 'yar alama a ƙarshen layin wadda ido ba ya gani. Injinan ofishinmu masu Linux alama ɗaya suke ajiyewa. Masu Windows irin nata biyu suke ajiyewa, gadon zamanin tafireta, lokacin da sai an tura kan keken ya koma farko sannan a murza takarda ta hau sama. Ba laifin kowa ba ne, kowanne da yadda aka gina shi. Amma Rariya alama ɗaya ta sani. In ta yanka layi a kan wadda ta sani, sai ɗayar ta rage maƙale a ƙarshe, mu wutsiya muke ce mata. Rariya ta zo neman layin da babu komai sai tarawa uku, ta tarar da tarawa uku da wutsiya, ta ce ba shi ba ne, ta wuce abinta. Shi ke nan amsoshi suka zube a fili.

Ban cika minti biyar ba na gane. Na buɗe fayil ɗinta a injina, na kunna abin da ke nuna ɓoyayyun alamomi, ga wutsiyoyi nan reras a ƙarshen kowane layi. Kuma sakacina ne. Tun ina rubuta Rariya na san ya kamata in sa ta share wutsiya kafin ta fara karatu, na ce ai injinanmu duk iri ɗaya ne, zan ƙara daga baya. Daga bayan ce ba ta zo ba. Abin takaicin ma, da wannan tambayar aka ɗauke ni aiki. Ciwon Kai da kansa ya tambaye ni: fayil biyu, ido ya ce iri ɗaya ne, inji ya ce sun bambanta, me za ki fara dubawa? Na ce ƙarshen layi. Ranar ya fara ɗago kai ya kalle ni.

Gyaran layi ɗaya ne tak. Na rubuta shi, wallahi na rubuta, saura in tura. Sai na ɗaga kai.

'Yar Gwaji tana kuka a teburinta, irin kukan nan mai tsabta da ba ya ɓata kwalli. Shi kuma ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Ya zaro hankici daga aljihu, hankicin da ni na saya masa, guda uku a kwali, fari mai shuɗin baki, ya miƙa mata.

"Kar ki damu," ya ce. "Kowa yana kuskure. Ni ina nan, ba abin da zai faru."

Mutumin da wata takwas ina jiran ya jera min kalma uku ba tare da ya kalli takalmi ba, ga shi yana zuba kamar famfo ya ɓalle. Wani abu ya taso min. Kishi ne, ba sai na ɓoye muku sunansa ba. Na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, na danne har layin ya ɓace.

Da Manaja ya tara mu ya ce, "Injiniya, ko daga manhajarki ne?"

Na ce, "Yallaɓai, shekara biyu Rariya tana aiki, ba ta taɓa zubar da amsa ko ɗaya ba."

Kun ga ai ban yi ƙarya ba. Na dai yanki gaskiyar daidai inda take min amfani. Ciwon Kai ya same ni a bakin matattakala ya ce, "Kin duba ta sosai?" Na ce na duba. Ya ce to, ya koma kan aikinsa. Bai taɓa buɗe Rariya ba tun da na rubuta ta, don ya ce abin da na taɓa ba ya buƙatar ido na biyu.

Yarinyar nan ta kwashe Asabar da Lahadi tana sake buga darussa goma sha biyu daga farko, harafi bayan harafi. Ta ɗora. Suka sake zubewa. Wannan karon makaranta biyu suka kira. Manaja ya karɓe izinin ɗorawar, ya ce ranar Juma'ar ƙarshen wata, ƙarfe goma, za su zauna a kan maganar gwajinta. Kowa a ofis ya san me zaman yake nufi.

Ta same ni a wurin wanke hannu, idonta ya kumbura, yau kam kwallin ya ɓaci.

"Anti, don Allah ki duba min. Ko akwai abin da nake yi ba daidai ba? Wallahi na ƙirga alamomin da yatsa."

Na karɓi kwamfutar, na ja shafin sama, na ja ƙasa, na miƙa mata.

"Ki dai riƙa kula," na ce.

Na koma kujerata ina jin wani daɗi mai ɗaci. Na ce wa kaina ai ba ni na kore ta ba, kuma malamar lissafi ba ta rasa makarantar da za ta ɗauke ta. Amma tun daga ranar, ko takarda aka ajiye da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ana wata ga wata. Ranar Lahadin da ta wuce da safe, Baba yana kujerarsa ta gefen taga, ya baje kayan agogon bangon da ya tsaya tun bara a kan jarida, yana tsintar ƙananan kusoshi da ɗan hantsaki. Na zo wucewa da kofin shayi.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Yaron nan na wurin aikinku, yana da ƙafa kuwa?"

"Yana da ita, Baba."

"To ban ga ta tako nan ba." Bai ɗago ba. "Ni ba na korar kowa, ba na kuma jiran kowa har abada. Zuwa Asabar in ji matsaya."

Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ɗan ƙawata ma har yanzu yana tambaya. Likita ne, kuma shi yana magana da baki kamar sauran mutane."

Na shige ɗaki na ɗauki waya.

*Baba ya ce zuwa Asabar.*

*To.*

*To me?*

*Zan rubuto miki.*

Litinin ya wuni bai ce min komai ba. Talata ya sha shayinsa shi kaɗai a tsaye. Ranar Laraba na ce bari in tuna masa da wa yake yi. Na saka sabuwar doguwar rigata ruwan ƙasa mai ɗinki a hannu, na ɗauki ɗankunnen Yaya ba da saninta ba, na fesa turaren da ya taɓa cewa a wasiƙa ta shida yana jin sa ko na bar ɗaki. Na fita cin abincin rana na dawo da wuri, ofis ba kowa sai shi da 'Yar Gwaji.

Yana zaune a kujerarta. Kwamfutar nan ruwan hoda a gabansa, yana bugawa a hankali, yana tsayawa, yana gyara gilashi, irin yadda yake yi in yana rubuta abin da ya fito daga zuci. Na san wannan zaman, don na sha leƙensa yana yi mini shi. Ita kuma tana tsaye a bakin taga ta juya baya, riƙe da kofi. Yana ganina ya rufe murfin.

"Me kake yi a injin mutane?"

"Aro na yi."

"Naka ya mutu ne?"

"Lafiyarsa lau."

"To?"

Ya kalli takalminsa. Ita ta juyo ta ce, "Sannu da dawowa, Anti. Rigar nan ta yi miki kyau."

Na zauna na buɗe aiki, har aka tashi ban ga harafi ɗaya ba. Zuciyata sai saƙa take: wasiƙa yake rubuta mata, a injinta, don kar ta biyo ta Rariya in gani. Na ce gara ma Juma'a ta yi ta zo ta tafi da kyanwarta.

Jiya Alhamis, ina shiga gida wajen ƙarfe shida, ko takalmi ban cire ba, waya ta yi ƙara. Hanyar ɓoyayyen shafinmu ce, wasiƙa ta ashirin. Na wuce Baba da gaisuwar tsaye, na faɗa ɗaki. Yaya tana guge farar rigarta ta asibiti a kan tebur, ma'aikaciyar jinya ce, ɗaki ɗaya muke kwana. Na zauna a bakin gado na buɗe.

*Injiniya,*

*Kin ce Baba yana jiran matsaya. Na yi kwana huɗu ina juya maganar. Ga abin da na yanke:*

Shi ke nan. Ƙasa fari fat.

Na sake buɗewa. Na kashe data na kunna. Na je bakin taga na ɗaga wayar sama kamar mai shanya. Fari fat.

*Wasiƙarka ta yanke.*

*Ba ta yanke ba. Duka na tura.*

*Babu komai bayan "na yanke".*

*Akwai.*

Na kira, bai ɗauka ba. Yaya ta ajiye dutsen guga ta ce, "Ke lafiya kike huci kamar tukunya?"

Ban kula ta ba. Na jawo kwamfutata daga jaka, na shiga ta baya, na buɗe ainihin fayil ɗin da ya ɗora, wanda Rariya ba ta taɓa ba. Ga layukan farko nan tsaf, irin na injinsa. Ƙarƙashin "na yanke" akwai tarawa uku, tsaf, wato Rariya ta fara ɓoyewa. Layin da ke biye ma tarawa uku ne, wanda ya kamata ya ce mata ta daina ɓoyewa. Amma wannan yana da wutsiya. Rariya ba ta gane shi ba, ta ci gaba da haɗiye komai har ƙarshe. Daga nan zuwa ƙasa kowane layi da wutsiyarsa.

Ashe abin da yake bugawa ke nan ranar Laraba.

*Idan a kan shafi kike karanta wannan, kin gyara Rariya, kuma na gode. Idan fayil ɗin kika buɗe ta baya, to kin ga wutsiyoyin, kin kuma san na sani.*

*Ranar Litinin na buɗe Rariya karo na farko. Minti goma ya ɗauke ni. Ke na san bai kai biyar ba, domin ni na yi miki tambayar, kuma ban manta yadda kika amsa ba.*

*Gobe ƙarfe goma Manaja zai sallame ta a kan abin da ba ta yi ba. Zan iya gyarawa da kaina, layi ɗaya ne. Ban yi ba, don ina so in ga sunanki a kai.*

*Ina so in zo wurin Baba. Na ma kai rigar wurin guga. Idan gyaran ya hau da sunanki kafin goma, ki ce masa ina tafe Asabar da yamma. Idan bai hau ba, ni zan gyara, in ce wa Manaja sakacina ne, ni ne ban duba ba. Ba wanda zai ji komai daga bakina har abada. Amma kar ki ce wa Baba ya jira ni.*

Kun san me ya fara zuwa raina? Da ma in ce muku kunya ce. Ba ita ba ce. Abin da ya fara zuwa shi ne: a kujerarta ya zauna ya rubuta min wannan. Yatsunsa a kan maɓallanta. Shi da zai iya sa wutsiyar nan a injinsa da umarni ɗaya, me ya kai shi aro? Kuma zai ɗauki laifin da ba nasa ba. Don ya rufa min asiri ne, ko don kar a kore ta?

Sai kawai na fashe da kuka, irin mai ɓata kwalli.

Yaya ta zare wayar dutsen guga ta zo ta zauna. Ba ta san komai a kan manhaja ba, amma ta iya tatsar magana, aikinta ne. Cikin minti goma ta kwashe komai, har da hankicin.

"Wato allurar tana hannunki sati uku, kika bar marar lafiya yana birgima."

"Yaya, ba ki ga yadda yake mata ba."

"Yaya yake mata? Ya ba ta hankici? Ni kullum ina ba maza goma auduga, duk mazana ne?"

"Amma ni ba ya min magana haka."

"Don ke yake jin kunya, sakarya. Wa yake jin kunyar wanda ba ya so?" Ta miƙa hannu ta murɗe min kunne. "Kuma ɗankunnena ne wannan. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, ke kin haƙa rijiya kin kuma tsaya a baki da dogon takalmi."

"In na tura, kowa zai gani. Duk gyaran da aka yi yana faɗawa zauren ofis na waya, da suna da bayani. Har Manaja."

"To sai me? Rubuta cewa yau kika gano."

Na ɗago na kalle ta.

"Ai na ga kina son ƙarya ne, na ce in taya ki," ta ce. "Manaja zai yarda. Yarinyar ma za ta yarda. Saura mutum ɗaya, shi ne kuma za ki riƙa kallo a kan tebur kowace safiya." Ta tashi ta mayar da wayar dutsen gugarta.

Na buɗe Rariya. Layin yana nan a kaina kamar yadda na goge shi: kafin ki karanta komai, duk inda kika ga alama biyu a ƙarshen layi, mayar da su ɗaya. Na ƙara har da tsofaffin injina masu ajiye wutsiyar ita kaɗai, don kar gobe wani ya zo da na kakansa. Na gwada da darussanta goma sha biyu, duk suka fito tsaf, amsoshi a ɓoye. Rubutunta ma yana da kyau, abin haushi. Misalanta sun fi na duk malaman da muka taɓa yi.

Saura akwatin bayani. Na rubuta "Gyara ƙarshen layi." Na tsaya. Na ji Baba a falo yana gwada agogonsa, ya buga sau ɗaya ya yi shiru. Na ƙara:

*Matsalar daga Rariya take, ba daga darussan ba. Na gano tun ranar farko, sati uku da suka wuce, na yi shiru. Malamar lissafi ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.*

Na rufe ido na tura.

Wayata ta yi ƙara, zauren ofis ne, ga sunana ga bayanina a gaban mutum tara. Na ga suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Manaja ya fara rubutu, ya fasa, ya sake farawa, daga ƙarshe ya turo: *Injiniya, ki same ni gobe ƙarfe goma.* Wato zaman yana nan, kujerar ce ta canza mai ita.

Na koma ɓoyayyen shafinmu na sake buɗewa. Wasiƙar ta fito cikakkiya tun daga sama har ƙasa. A fayil ban lura ba saboda hawaye, ashe ya sa wa kalma biyu alamar kauri. A kan shafin suka fito baƙi ƙirin: ina tafe.

Sai ga saƙonsa: *Ƙarfe biyar. Baba yana son a zo masa da wani abu?*

Na rubuta, *Batirin agogo.* Na yi dariya ina share hanci. Na tashi zan fita falo ke nan wani saƙon ya shigo, daga lambar da na ajiye da 'Yar Gwaji.

*Na ga gyaran. Na gode.*

Babu Anti. Na lura da wannan tun kafin na biyun ya iso.

*Fayil ɗin wasiƙarsa yana kwamfutata, ya manta bai goge ba. Tun ranar Laraba na karanta. Kwana biyu ina gaishe ki ina sane.*

Na zauna a bakin gado.

*Zan gaya miki gaskiya tunda yau ranar gaskiya ce. Wata uku ina wurin nan, wallahi ban taɓa kallonsa ba, ogana ne kawai mai gilashi. Sai da na karanta cewa zai ɗauki laifin da ba nasa ba don kar a zalunci wadda ba komai ba ce a wurinsa. Tun ranar nake kallonsa. Ke kika nuna min shi.*

*Manaja ya kira ni yanzu, an tabbatar da ni. Ya ce in zaɓi tebur. Na ce ina son inda nake.*

Na karanta sau uku. Yaya ta leƙo ta kafaɗata ta karanta sau ɗaya, ta ce "Hmm," ta rataye rigarta. Yayar da ba ta taɓa rasa abin faɗa ba.

"Auta!" Baba ne daga falo. "Yaron nan ya samo ƙafar tasa?"

Na wanke fuska, na gyara mayafi, na fita na durƙusa gefen kujerarsa.

"Yana tafe Asabar, Baba. Ƙarfe biyar."

"Madalla." Ya ɗago ya dube ni ta saman gilashi. "To me ya sa fuskarki haka, kamar wadda aka ce ba ya zuwa?"

Na ce gajiyar aiki ce. Me zan ce masa? Sati uku ina yaƙi da yarinyar da ko ɗaga ido ba ta yi ta kalle shi ba. Yau ta kalla, kuma ni na kama haɓarta na juya ta. Ranar Asabar zai zauna a falonmu awa ɗaya yana kallon takalminsa. Daga Litinin kuwa, kullum, daga takwas zuwa biyar, tana nan taku huɗu daga teburinsa, a kujerar da na tabbatar mata da hannuna. Ni kuma goma sha ɗaya, in ma Manaja ya bar min teburin.